Layin Aiki a Bayan Sabar: Ina Makomar Aikin da Aka Ajiye Idan Wuta Ta Ɗauke?

Shekarun baya na rubuta wa wata ƙungiyar manoman shinkafa da ke yankin Argungu ƙaramar manhaja ta rajistar mambobi, kuma a cikinta na sa wani maɓalli da sakatare zai danna ya aika wa kowa saƙon tes a lokaci guda. Ranar da aka fara amfani da shi da gaske ita ce ranar sanar da rabon takin noman rani. Sakataren ya danna, shafin ya yi ta juyawa, can sai ya fito da kuskure mai lamba 502. Ya sake dannawa, aka sake maimaita haka, har sau biyar. Bayan la'asar ya kira ni ya ce, "Injiniya, abin nan naka ya haɗa ni faɗa da jama'a. Su Abubakar da su Adamu kowa ya samu saƙo biyar, su Yusufu da su Zayyanu kuwa ko ɗaya bai shiga ba." Na ce masa, "Alhaji, a yi mini haƙuri zuwa dare, laifin nawa ne." Kuma nawa ɗin ne. Sunayen a jere suke bisa haruffa, kowane saƙo yana cin kusan rabin sakan kafin kamfanin aika saƙo ya amsa, shi kuwa Gunicorn, wato manhajar da ke riƙe da ma'aikatan sabar ɗin (sabar ita ce kwamfutar da ke amsa buƙatun masu amfani da shafin, ma'aikatanta kuwa ba mutane ba ne, ƙananan manhajoji ne da ke gudana a cikinta), idan ba a canza masa saiti ba yakan kashe duk ma'aikacin da ya wuce sakan 30 bai motsa ba. Ke nan kowace dannawa tana kai wa ga mutum sittin ko kusa da haka, a kashe ta, ta gaba kuma ta sake farawa daga harafin farko.

Tushen matsalar yana cikin yadda sabar ke amsa buƙata tun asali. Idan waya ko kwamfuta ta aiko buƙata, sabar takan ba ɗaya daga cikin ma'aikatanta, wannan ma'aikacin kuma ba ya sauraron kowa sai ya gama ya mayar da amsa. Ma'aikatan ƙididdigaggu ne. A ce huɗu ne, kuma mutum huɗu suka nemi abin da ke cin sakan ashirin ashirin, to na biyar da ya zo duba sunansa kawai, aikin da bai kai ƙiftawar ido ba, dole ya tsaya a bakin ƙofa. Bayan haka akwai wa'adi a kowace gaɓa ta hanya: Nginx, wanda galibi shi ke tsaye a gaba yana karɓar baƙi, yakan jira amsa na sakan 60 ne a saitinsa na asali kafin ya ce ya gaji ya mayar da 504, ita ma wayar mai buƙata tana da nata haƙurin, balle a ƙauyukan fadama inda sabis kan zo ya tafi. Ƙara tsawon wa'adin shi ne abin da ke fara zuwa zuciyar mai koyo, amma wannan jinkirta faɗuwa ne kawai, domin mambobi za su ƙaru, kuma ma'aikacin zai daɗe a ɗaure fiye da da.

Maganin da aka daɗe da sani yana nan a kowace unguwa ta Birnin Kebbi, a bakin injin niƙa. Yarinya takan kawo kwanon gero ta ajiye a bayan na waɗanda suka riga ta, ta faɗa wa mai inji irin niƙan da ake so, ta koma gida ta ci gaba da aikinta, in an jima ta dawo ta ɗauka. Karɓar kwano daban, niƙa shi daban. Haka ake yi wa sabar. Idan buƙata mai nauyi ta zo, sai sabar ta rubuta ɗan taƙaitaccen bayani na abin da za a yi, ta ajiye shi a layi, nan take ta mayar wa mai buƙata da amsa mai lamba 202, wadda a ƙa'idar HTTP, wato tsarin da shafukan intanet ke magana da shi, ma'anarta ita ce an karɓa amma ba a kammala ba, tare da lambar shaida da zai riƙa tambayar halin aikinsa da ita. A can bayan fage kuma akwai wasu ma'aikata na dabam, waɗanda ba ruwansu da baƙi, aikinsu kawai su ɗauko daga layi su aiwatar. Ɓangarori uku ke nan: mai ajiyewa, da dillalin da ke riƙe da layin, da ma'aikacin da ke ɗauka. Dillalai sanannu su ne RabbitMQ, wanda ya fito a 2007, da Redis, wanda Salvatore Sanfilippo ɗan Italiya ya fitar a 2009, da SQS na kamfanin Amazon. A kansu ne aka gina kayan aiki irin su Celery ga masu rubuta manhaja da harshen Python, da Sidekiq ga masu Ruby, da BullMQ ga masu Node.js.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a kawar tun yanzu, domin na ga ɗalibai da dama sun faɗa cikinsa. Kalmomin async da await da ke cikin Python tun sigar 3.5 ta 2015, da irin su a JavaScript, ba layin aiki ba ne. Abin da suke yi shi ne su ba ma'aikaci ɗaya damar sauraron wani baƙo yayin da yake jiran amsa daga waje, kamar mai shayi da ke soya ƙwai kafin ruwa ya tafasa. Wannan yana da amfani ƙwarai, sai dai duk abin da ke hannunsa a cikin ƙwaƙwalwar wucin gadi yake, idan manhajar ta mutu ya tafi ke nan. Haka ma abin da FastAPI, wani kayan gina manhaja da Python, ke kira BackgroundTasks: yana gudana ne bayan an mayar da amsa, amma a cikin manhajar da ta amsa ɗin, ba a rubuta shi a ko'ina ba. Ya isa ga aikin da ɓatansa ba zai sa kowa kuka ba. Ga biyan kuɗin manomi kuwa bai isa ba.

Da na mayar da saƙonnin ƙungiyar cikin layi, kowane mamba da nasa aikin guda, na ɗauka an gama. Ashe tsugune ba ta ƙare ba, domin ainihin wahalar layin aiki tana wajen tambaya guda: yaushe ne dillali zai goge aiki daga littafinsa? Hanyoyi biyu ne. Ko dai ya goge da zarar ma'aikaci ya ɗauka, ko kuma ya jira sai ma'aikacin ya dawo ya shaida masa cewa ya kammala. A hanya ta farko, idan ma'aikaci ya ɗauki aiki sannan wuta ta ɗauke, ko ƙwaƙwalwar na'ura ta cika aka kashe shi, ko aka sabunta manhaja a daidai lokacin, aikin ya ɓace ba tare da kowa ya sani ba, tamkar yaron mai inji ya ɗauki kwano daga layi ya shiga da shi ciki, aka tashi, kwanon bai fito ba kuma babu shi a layi. A hanya ta biyu aikin ba ya ɓacewa, amma ga abin da ke iya faruwa: ma'aikaci ya aika saƙon, ko ya tura kuɗin, saura kawai ya ce wa dillali ya gama, sai ya mutu a wannan ɗan tsakanin. Dillali bai ji komai ba, don haka zai miƙa aikin ga wani ma'aikacin, a sake yin sa. Gaba kura, baya sayaki: ko dai a yi aiki sau ɗaya ko ba a yi ba sam, ko kuma a yi shi sau ɗaya ko fiye.

Mutum zai ce to a nemo dillalin da zai tabbatar da sau ɗaya cif. Abin da ya hana haka ba ƙarancin ƙwarewar masu ƙira ba ne, yanayin hanyar sadarwa ne. Idan ka aika saƙo ba ka ji amsa ba, babu yadda za ka bambance tsakanin saƙon da bai isa ba da wanda ya isa amma amsarsa ce ta ɓace a hanya. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai POS a kasuwar Jega, na'ura ta ce ba ta yi ba alhali alat ɗin cire kuɗi ya shigo wayarsa, ya ga wannan da idonsa. Kayan aikin da ke tallata tabbacin sau ɗaya, irin su manhajar Kafka ko layin FIFO na SQS, wato mai bin tsarin wanda ya fara zuwa shi ke fara fita, suna cika alkawarin ne a cikin iyakar gidansu kawai, na SQS ɗin ma tantance maimaicinsa na minti 5 ne. Da zarar aikin ya taɓa wani abu a waje, banki ko kamfanin tes ko akwatin imel, alkawarin bai bi shi can ba.

Yana da kyau mai rubuta manhaja ya san wace hanya kayan aikinsa suka zaɓa masa tun kafin ya tambaya. Celery a saitinsa na asali yakan shaida wa dillali ne gab da fara aiki, wato hanya ta farko, sai an kunna saitin da ake kira acks_late kafin ya koma ta biyu. SQS kuwa yana da wata dabara: idan ma'aikaci ya ɗauki saƙo ba a goge shi, ɓoye shi ake yi na wani wa'adi, sakan 30 a asali, ana kuma iya tsawaita shi har awa 12, idan wa'adin ya cika ba a zo an goge ba sai saƙon ya sake bayyana ga kowa. A nan akwai tarko. Idan aikinka yana cin sakan 45 kuma wa'adin ɓoyewa 30 ne, ma'aikaci na biyu zai ɗauki aikin alhali na farko yana tsakiyar yin sa, ba tare da wani ya mutu ko wuta ta ɗauke ba. Irin wannan tarkon yana nan ga mai haɗa Celery da Redis, inda wa'adin ke awa ɗaya: aikin da aka tsara ya gudana bayan awa uku yana iya komawa layi a sake rarraba shi kafin lokacinsa ya yi, ranar aiwatarwa kuma a ga ya gudana fiye da sau ɗaya.

Tunda maimaici ba zai kauce ba, abin yi shi ne a gina kowane aiki ta yadda ko an yi shi sau goma sakamakonsa ɗaya ne da na sau ɗaya. A ganina wannan shi ne ƙashin bayan al'amarin duka, sauran bayanai rassa ne. Wasu ayyukan haka Allah ya yi su: umarnin a mayar da matsayin wannan rajista zuwa "an tantance" ko sau nawa aka bi shi, matsayin ɗaya ne. Amma umarnin a ƙara naira dubu hamsin a asusun wane, kowace maimaitawa asara ce. Ɗauki misalin kamfanin da ke sayen shanshera daga hannun manoman Suru ko Augie, ana auna buhuna a sikeli, manhaja kuma ta tura kuɗi. Daidai shi ne tun lokacin da aka auna kayan a ƙirƙiri lambar shaida guda ta wannan cinikin, a rubuta ta a rumbun bayanai a gurbin da aka ɗaure da sharaɗin cewa lamba ba ta shiga sau biyu. Idan ma'aikaci ya ɗauki aikin biya, farkon abin da zai yi shi ne ya duba matsayin lambar. In an rubuta an biya, ya shaida wa dillali ya wuce abinsa. In ba a fara ba, ya rubuta cewa ana kan biya, sannan ya tura wa kamfanin hada-hadar kuɗi buƙatar tare da wannan lambar dai, ba sabuwa ba. Hali na uku shi ne mai wuya, wato ya tarar an rubuta ana kan biya, alamar wani ya fara bai ƙarasa ba. A nan ba ya da hurumin sake turawa kai tsaye, dole ya fara tambayar kamfanin ko wannan lambar ta wuce. Manyan kamfanonin biyan kuɗi sun tanadi wannan, Stripe alal misali yana karɓar mabuɗi na musamman da idan aka sake turo buƙata da shi zai mayar da amsar farko maimakon ya sake cire kuɗi. Kuskuren da na fi gani shi ne a ƙirƙiri lambar a cikin aikin kansa, ta yadda kowace maimaitawa takan zo da sabuwar lamba, kariyar duka ta tashi a banza.

Dubawa kafin aiwatarwa ma tana da nata ramin, idan ma'aikata biyu suka duba a lokaci guda kowa ya ga ba a fara ba. Shi ya sa ake barin rumbun bayanai ya yanke hukunci, ta hanyar sharaɗin rashin maimaita lamba ko kulle rubutun, domin shi kaɗai ne ke ganin su biyun a tare.

Akwai kuma wani giɓi da ke tsakanin rumbun bayanai da dillali, wanda ba ya bayyana a kwamfutar gwaji sai ranar da jama'a suka yi yawa. Idan manomi ya yi rajista, manhaja tana da rubutu biyu: ta adana shi a rumbu, ta kuma ajiye aikin aika masa saƙon maraba a layi. Waɗannan gidaje biyu ne da ba su san juna ba. Idan aka ajiye aikin a layi kafin rumbu ya tabbatar da rubutun, ma'aikaci mai hanzari yana iya ɗauka ya je neman manomin ya tarar babu shi tukuna, ko ma rubutun ya warware daga baya a aika saƙo ga rajistar da ba ta wanzu ba. Django, wani kayan gina manhaja da Python, ya kawo on_commit a sigarsa ta 1.9 domin wannan, wato kada a ajiye aiki sai rumbu ya tabbatar. Amma idan manhajar ta mutu bayan tabbatarwar kafin ajiyewar fa? Manomi yana rumbu, aikinsa ba ya layi. Cikakken maganin shi ne a rubuta aikin a wani tebur na cikin rumbun, a dunƙule guda da rajistar, ko su shiga tare ko su fasa tare, sannan wani ɗan aike na dabam ya riƙa kwashe abin da ke teburin yana kai wa dillali. Shi ma ɗan aiken yana iya kai abu sau biyu, wanda ya sake mayar da mu ga maganar da ta gabata. Wani ƙaramin ladabi da ke tafiya da wannan shi ne a sa lambar rajista kawai a cikin saƙon layi, kada a zuba bayanan mutum duka, saboda kafin layi ya zo kansa yana iya canza lambar waya, ma'aikaci kuma ya fi kyau ya karanto sabon bayani daga rumbu.

Sake gwadawa bayan gazawa shi ne babban amfanin layi, kuma shi ne hanya mafi sauƙi ta kashe sabar da hannunka. Idan kamfanin tes ya samu tangarɗa ta minti biyu, ayyuka dubu suka gaza, kowanne kuma ya sake gwadawa nan take, to kamfanin da ke ƙoƙarin miƙewa zai sake faɗuwa ƙarƙashin turmutsitsin. Abin da aka saba shi ne a riƙa ninka jira: sakan ɗaya, biyu, huɗu, takwas, har zuwa wata iyaka, sannan a ƙara wa kowane aiki ɗan jinkiri na kan mai uwa da wabi don kada duk su dawo a sakan guda kamar an tashi daga masallacin Idi ta ƙofa ɗaya. Celery a asali yakan sake gwadawa sau 3 da tazarar minti 3 idan aka umarce shi, Sidekiq kuwa sau 25 yake yi, a shimfiɗe cikin kusan kwana 20. Wajibi ne kuma a rarrabe gazawa iri biyu. Katsewar sadarwa ko amsa mai lamba 503, wato sabar ba ta iya aiki a yanzu, abu ne mai wucewa, ya cancanci a sake. Lambar waya mai ƙarancin adadi ko asusun da aka rufe kuwa, ko shekara za a yi ana gwadawa ba zai gyaru ba. Irin wannan aikin, idan aka bar shi yana zagayawa, yakan cinye lokacin ma'aikata, mafi muni kuma shi ne wanda ke kashe duk ma'aikacin da ya taɓa shi, ya koma layi ya jira na gaba. Saboda haka ake ware wani layi na musamman na waɗanda suka gagara, inda ake jefa aiki bayan ya cinye adadin gwajinsa, tare da dalilin gazawarsa. Amfanin wannan layin ya dogara ne kacokan ga samun mutumin da aka ɗora wa alhakin leƙa shi. Na taɓa buɗe irinsa a wata manhaja da na gada na tarar da ayyukan watanni a jibge, kowannensu mutum ne da aka ce masa an karɓa.

Sai maganar yawa. Lissafin layi ya girmi kwamfuta: Agner Krarup Erlang, masanin lissafi ɗan Denmark da ke aiki da kamfanin tarho na Kwapanhagan, shi ya aza harsashinsa a 1909 yana neman sanin layukan waya nawa gari ke buƙata, kuma da sunansa aka raɗa wa harshen Erlang da aka rubuta RabbitMQ da shi. A 1961 John Little ya tabbatar da ƙa'idar da kowane mai kula da sabar ya kamata ya haddace: matsakaicin adadin abin da ke cikin tsari daidai yake da yawan isowa a sakan sau tsawon zaman kowanne. A ce ayyuka 10 ke shigowa a kowane sakan, kowanne yana cin sakan 2, to ana buƙatar ma'aikata 20 suna aiki ba hutu kafin a yi kunnen doki. Idan 15 ne, abin da za su iya shi ne bakwai da rabi a sakan, ragowar biyu da rabi suna taruwa, cikin awa ɗaya an tara 9,000. Layi ba ya ƙara ƙarfin aiki ko kaɗan, yana dai ba da wurin jira ne lokacin da aka yi cunkoso na ɗan lokaci, da sharaɗin cewa za a samu sarari daga baya a rage. Kuma kunnen doki ma bai isa ba. A ƙiyasi mafi sauƙi, na ma'aikaci ɗaya da ayyuka masu zuwa ba tsari, idan yana cikin aiki rabin lokacinsa, kowane aiki yakan ɗauki ninki biyu na ainihin lokacin yin sa kafin ya fita, idan ya kai kashi 90 cikin ɗari ya zama ninki goma, a kashi 99 kuwa ninki ɗari. Mai kuɗin da ya ga ma'aikatan sabar suna zaune rabin yini ya ce a rage su, bai san wannan zaman ne ke sa layi tafiya ba.

Telolinmu sun fahimci abin da ya biyo baya fiye da yawancin masu manhaja. Idan azumi ya yi nisa, tela mai mutunci yakan ce ya rufe karɓar ɗinkin Sallah, mai yadi ya ji haushi ya tafi wani wuri da sauran lokaci a hannunsa. Wanda ba ya iya cewa a'a shi ne ake taruwa a shagonsa daren Sallah. Layin da ba shi da iyaka irin tela na biyu ne: yana ta karɓa yana ba da 202, har ƙwaƙwalwar Redis ta cika, ko RabbitMQ ya kai iyakar da yakan dakatar da masu ajiyewa, a lokacin kuma gaba ɗaya manhajar ce ke tsayawa. Gara a sa iyaka tun farko, idan aka kai ta a mayar da 429, wato buƙatu sun yi yawa, ko 503 tare da bayanin lokacin da za a dawo. Haka nan bai dace a zuba kowane irin aiki a layi ɗaya ba. Lambar sirri ta shiga manhaja, wadda ke lalacewa cikin mintuna kaɗan, idan ta tsaya a bayan saƙonnin sanarwa dubu uku, ko ta iso ba ta da amfani. A ware mata layinta da ma'aikatanta. Celery kuma yana da ɗabi'ar kwasar ayyuka huɗu huɗu a gaba ga kowane ma'aikaci, abin da ke da kyau ga gajerun ayyuka, amma idan dogaye ne sai ka ga ɗaya ya rungume huɗu wani yana zaune hannu rabbana, don haka akan mayar da adadin zuwa ɗaya. Wajen sa ido kuwa, tsawon layi yana ruɗi, domin ayyuka dubu goma masu sauri ba komai ba ne, biyar da suka maƙale tun safe kuwa matsala ce. Abin da na fi dogara da shi shi ne shekarun aikin da ya fi kowanne daɗewa yana jira, a kansa nake ɗaura ƙararrawa.

Game da zaɓen kayan aiki, ra'ayina ya karkata ga sauƙi. Kafka, wanda aka ƙirƙira a LinkedIn aka sake shi ga jama'a a 2011, an yi shi ne don kwararar bayanai mai yawan gaske, kuma kula da shi aiki ne na kansa. Makaranta a Zuru, ko asibiti a Yauri, ko ƙungiyar masu albasa a Aliero, da wuya su kai inda za su buƙace shi. Yawancinsu suna da rumbun bayanai na PostgreSQL tun farko, shi kuma tun sigar 9.5 ta 2016 yana da umarnin SKIP LOCKED, wanda ke ba ma'aikata da yawa damar ɗaukar ayyuka daga tebur ɗaya, kowa ya tsallake wanda ɗan'uwansa ya riƙe. Da wannan, layin yana zaune a gida ɗaya da bayanan, giɓin da na ambata a baya ya rufe da kansa, kwafin ajiyar rumbu ya haɗa har da ayyukan da ke jira, kuma abu ɗaya ne za a tayar idan wuta ta dawo. Wanda ya zaɓi Redis kuwa ya tuna cewa a ƙwaƙwalwa yake riƙe komai, a saitin asali lokaci lokaci yake sauke hoto zuwa faifai, sai an kunna masa rubutun bi da bi kafin asarar ta taƙaita zuwa kusan sakan ɗaya. Wannan yana da nauyi na musamman ga wanda sabar ɗinsa ke cikin ofis a kan inbata da janareta, inda ɗaukewar wuta ba labari ba ce.

Ko sabar tana can cibiyar bayanai inda wuta ba ta ƙiftawa, mai manhajar da kansa yakan kashe ma'aikatansa duk lokacin da ya ɗora sabon gyara. Tsarin kwamfuta yakan fara aika wa ma'aikaci siginar SIGTERM, wato ya tattara ya tashi, a cikin kayan da ke tayar da manhajoji a kan sabar kuma, Kubernetes a asali yakan ba shi sakan 30 kafin ya kashe shi da ƙarfi, Docker kuwa sakan 10 kacal. Ma'aikacin da aka rubuta da kyau, da jin siginar yakan daina ɗaukar sabon aiki, ya ƙarasa na hannunsa in zai yiwu, in ba zai yiwu ba ya mayar da shi layi. Wannan ne ya sa aiki mai cin minti ashirin da biyar, irin wanda na ɗora wa maɓallin sakataren nan, ko an mayar da shi bayan fage bai tsira ba muddin dunƙule ɗaya ne. Yadda na gyara shi a ƙarshe shi ne dannawar sakatare ta ƙirƙiri sanarwa guda mai lambarta, a rubuta wa kowane mamba gurbinsa a tebur da sharaɗin cewa sanarwa ɗaya da mamba ɗaya ba sa haɗuwa sau biyu, maɓallin ya dushe bayan dannawar farko, shafin kuma ya riƙa nuna adadin da aka aika, da na masu jira, da na waɗanda lambarsu ta gagara. A rabon taki na gaba, waɗanda suka gagara ɗin sakataren ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya tarar yawancinsu sifilin farkon lambar ne ya faɗi lokacin da aka kwafo sunayen daga Excel.